Rilaksa a Cikin Lefena

Masu karatu, sallama gare ku. Wata baiwar Allah ta rubuto tana tambayata, wai labarin soyayya na ce zan ba ku, me ya kawo zancen gashi? Ki yi haƙuri 'yar'uwa. Wasu tasu soyayyar kan gamu da cikas a wurin iyaye, wasu a wurin dukiya. Tawa a wurin gashi ta gamu da nata, kuma ba ni na zaɓa ba.

Sunana Zakiyya. A shekarar da nake ba ku labarinta, 2003, ina koyar da Tarihi a wata makarantar 'yan mata a Birnin Kebbi, ina zaune a gidanmu da ke Nasarawa tare da Inna, mahaifiyata. Jihar ta shekara goma sha biyu da rabuwa da Sakkwato, amma har lokacin ofisoshi suna ƙamshin sabon fenti da tsohon hali. Wayar salula kuma ta shigo gari, duk wanda ya samu sai ya rataya ta a wuya kamar laya. Ni ma ina da tawa. Izzuddeen ne ya saya mini, don kada ya riƙa ɓata man babur a kan kowace gaisuwa.

Izzuddeen ɗan Argungu ne, yana aiki a ma'aikatar gona, ɓangaren noman rani. Dogo, mai sanyin hali, irin mutumin da idan ka taka shi shi zai fara ba ka haƙuri. Na so shi saboda wannan sanyin. An sa ranarmu bayan Babbar Sallah.

Ranar da aka kawo lefe, mata suka cika tsakar gidanmu, an shimfiɗa tabarmi har bakin rijiya. Ni kuwa ina ƙunshe a ɗaki kamar yadda ake so amarya ta yi, ina jin kunya da kunnena a jikin taga. Yayarsa Munira ce ta jagoranci masu kawowa. Na leƙa na gan ta: leshi ruwan goro, ɗauri ya hau sama kamar zai tashi, gashinta ya zubo ta ƙeya a miƙe yana sheƙi kamar an bi shi da dutsen guga. Ba ta daɗe da buɗe salun, shagon gyaran gashi, a Argungu ba, kuma kanta ne allon tallarta.

Gwaggo Baiwa, ƙanwar babana, ita ke buɗe akwatuna tana ɗagawa ana guɗa. Atamfofi, shadda, takalma da jakunkunansu, turaruka. A akwati na ƙarshe sai guɗar ta tsaya. Gwangwanayen rilaksa ne, man nan da ke miƙar da gashi, da wani ƙunshi na gashin doki.

"Wanga hwa?" in ji Gwaggo.

"Na amarya na, Gwaggo," Munira ta ce da murya mai taushi. "Ni da hannuna za ni gyara mata kai. Kak ku damu, mun san komi. Kowa da yadda Allah ya yi shi, ba abin kunya ba na."

"Kun san mi?"

"Haba Gwaggo. Acucin da takan sa mana."

Ga waɗanda ba su sani ba, acuci wani dunƙule ne na tsumma ko soso da mace kan cusa a ƙarƙashin ɗankwali don a ɗauka gashi ne. Ashe sun gan ni a wani biki da tudu a ƙeya, suka auna girmansa, suka yanke hukunci: mai acuci irin wannan ba ta da komai a ƙasa. Wato an yi zama a kaina a Argungu, an tausaya mini, an yafe mini, har an yi mini tanadi.

Gwaggo Baiwa ba ta iya haɗiye irin wannan. Ta kamo hannun Munira ta jawo ta cikin ɗakin, ta maida ƙofa, ta fizge ɗankwalina ba ko sallama. Ta kwance ƙullin da ke ƙeyata, kalabata suka zubo kan kafaɗa. Ta warware guda ɗaya, gashin ya tashi ya cika mata hannu.

"Ga acucin. Taɓa."

Munira ta taɓa. Ta ja sili ɗaya a hankali, ya yi ta miƙewa har ya wuce tsakiyar bayana, ta sake shi ya koma ya naɗe.

"La'ilaha illallahu. Wanga duk naki na?"

"Nawa ne, Yaya."

Na ga tausayi ya fita daga idonta, wani abu ya shigo. Na san wannan kallon, shi mahauci ke yi wa sa mai ƙiba.

"In anka sa mai rilaksa," ta ce a hankali, "har ƙugu za shi kai."

Gwaggo ta fita tana taƙama ta wanke gidanmu daga zargi. Ba ta lura ba cewa a wurin wankin ta sayar da kaina.

Bari in koma baya kaɗan, don ku san abin da ke tsakanina da rilaksa.

Shekarar da na gama sakandare, gab da Ƙaramar Sallah, Inna ta kai ni wurin wata maƙwabciyarmu aka sa mini rilaksa, don duk 'yan matan unguwa sun yi. Matar ta shafa, ta ce in daure, zafin shi ne alamar yana aiki, ta tafi duba tukunya. Na daure, don ni yarinya ce mai tarbiyya. Kwana biyu fatar kaina tana ruwa tana manne wa matashi. Gaban goshina ya zube, sauran ya bi shi a hankali, a mataji, a bokitin wanka, a kafaɗar hijabi. A ƙarshe aka aske. Na shiga jami'a a Sakkwato da kai irin na jariri ranar suna.

A can ne na samo hanyata, kuma ba hikima ce ta kai ni ba. Ruwa ya yi wuya a ɗakin kwanan ɗalibai, ni kuma ba ni da ƙwazon ba da ranar Asabar ɗina ga makitsiya. Ga abin da nake yi, tunda na san wasunku don shi kuka tsaya. Sai bayan mako biyu nake wanke kai, wani lokaci uku. Nakan jiƙa yoɗo, wanda Kanawa ke ce wa karkashi, in tace yauƙin in zuba. Yauƙin ke warware duk inda ya cukurkuɗe. Da yatsu nake bi, mataji sai a ƙarshe, mai manyan haƙora, in fara daga baki in hau zuwa tushe, kuma ba na sa shi a busasshen gashi. Kafin ya gama shan iska sai in murza man kaɗe a tafin hannu in shafa, in fi ba bakin gashin, don shi ne tsoho, shi ke saurin karyewa. Sannan in kama manyan kalaba sakwa-sakwa, waɗanda ba za su hana ni ɗaga gira ba, in tattara su a ƙeya. Idan zan kwanta, ɗankwali mai santsi. Idan na ji ya bushe, in yayyafa ruwa in ƙara ɗan mai.

Shi ke nan. Sauran aikin shi ne a ƙyale shi, kuma wannan ɓangaren ne ke gagarar mutane. Na sha gaya wa ƙawaye, sai su ce ina ɓoye sirri. Sun fi so in ce akwai wani mai da ake kawowa daga Agadas. Ba wanda ke son jin cewa abu zai iya girma don kawai an daina damunsa.

Bayan masu lefe sun tafi, na samu Inna tana ninke atamfofi.

"Inna, ni fa ba zan sa ba."

Ba ta ɗago ba. "Abin da anka sa cikin lehe ba a ƙin shi, Zakiyya. Ko takalmi ya yi miki kaɗan, sai ki sa su gani, in kin shiga ɗaki ki cire."

"Wannan ba ya ciruwa."

"Gashi na, hita shikai."

"Shekara nawa ya ɗauka kafin ya fita?"

Hannunta ya tsaya a kan atamfar. Ba mu taɓa maganar waccan Sallar ba, ni da ita. Ita ta riƙa wanke mini kai da ruwan ɗumi tana kawar da fuska, ita ta kira wanzami, amma bakinta bai taɓa furta komai a kai ba.

"Waccan ba ta iya ba," ta ce a ƙarshe. "Wagga ta koya, har Legas ta tahi. Ɗiyata, ke ba da Izzuddeen kaɗai za ki zauna ba. Shi hita zai yi da sahe. Da su za ki zauna. Ki shiga gidan mutane da a'a a bakinki?"

Ban ga laifinta ba, har yau ban gani ba. An kawo Inna daga Augie cikin dangin da ba ta san kowa ba, ta zauna da su lafiya ta hanyar cewa to. Abin da ya yi mata aiki take ba ni. Sai dai na kwanta ina lissafin rayuwata. Kawu ne ya zaɓa mini Tarihi, don a nan ya san wani malami. Aikin koyarwa, an ce shi ya dace da mace. Launin fentin ɗakin da zan zauna ma an riga an zaɓa. Duk ban damu ba, yawanci sun zaɓa daidai. Amma abin da ke ƙarƙashin ɗankwalina shi kaɗai ne ba a yi shawara a kansa ba. Ni na raine shi, a ɓoye, daga fata.

Izzuddeen kuwa bai taɓa ganinsa ba, balle ya san ana yaƙi. Ta yaya budurwa za ta buɗe baki ta yi wa saurayi zancen gashinta a zaure? Na gwada ta saƙon tes a waya, a kaikaice.

"Kana son mace mai kitso ko mai miƙaƙƙen gashi?"

Amsa ta zo nan take: "Duk yadda kike haka nake so, tauraruwata."

Na daɗe ina kallon saƙon. Daɗi gare shi, kuma ba ya maganin komai, kamar shayi ga mai karaya.

Munira ta aiko cewa a kai ni kafin biki ya matso, don gashin ya samu ya kwanta. Ranar Asabar muka shiga mota ni da Gwaggo Baiwa. Na sa atamfa shuɗiya daga cikin lefen, da takalminta da jakarta, don a ga ba komai nake ƙi ba. Hanya duk buhunan albasa ne a gefen titi, fadama kore shar da shinkafar rani. Gwaggo tana ta cin gyaɗa tana yi mini nasiha, ni kuma ina ta shirya jawabi a zuci, kowanne na shirya sai ya rushe.

Salun ɗin shago ne guda kusa da kasuwa, fenti ruwan hoda, hotunan matan waje a bango, da hular busar da gashi guda ɗaya da aka rufa wa leda kamar amarya. Da a ce Munira ta karɓe ni da izza, da aikina ya yi sauƙi. Sai ta rungume ni.

"Ƙanwata! Yau na ruhe shago, ba ni taɓa kan kowa sai naki."

Ta dafa shinkafa da kifi, manyan gunduwa, ta ce a ci tukuna. Ta tara ƙawayenta sun zauna a benci, kowacce da mayafi a kafaɗa. Ta ɗauko har mai hoto, wata mata da kyamara a jaka.

"Ta baya za a ɗauka, ba huska," ta ce da ta ga na kalli kyamarar. "Kahin a sa, da bayan an sa. Nan za ni liƙa shi." Ta nuna wani fili a bango da ta bari musamman. Sai ta rage murya. "Kin san mi sunka ce da zan buɗe wurin ga? Wai matar aure ta rasa sana'a sai wankin kan mutane. Wai wata ukku za ni ruhe. Bari su ga wanga."

A nan na gane ba gashina kaɗai ke kan kujerar ba. Ita ma tana da abin da ta raina a ɓoye.

Na zauna. Ta warware kalabar ɗaya bayan ɗaya, matan benci suna salati. Aka ɗauki hoton farko. Ta lakato basilin ta shafa mini a goshi da bayan kunne, ta sa safar hannu, ta buɗe gwangwani. Warin ya bugi hancina, sai fatar kaina ta tuna kafin ni in tuna.

"Yaya, ina zuwa."

Na yafa mayafi na fita. Sabis a Argungu a lokacin sai an yi farautarsa. Na same shi a gindin wata bishiyar dogon yaro, sanda ɗaya, tana zuwa tana tafiya. Na ɗaga wayar sama kamar mai roƙon ruwa, na aika, ba kaikaice wannan karon:

"Ina shagon Yaya Munira. Za ta sa mini rilaksa, ni kuma ba na so, ya taɓa ƙona ni. Idan na ƙi za ta ji haushi sosai. Me ka ce?"

Saƙon ya tafi. Na tsaya. Masu kifi suka wuce, wata akuya ta zo ta duba ni ta tafi. Sandar ta ɓace. Gwaggo ta leƙo tana tafa hannu.

"Ke! Mutane na jiranki kina waya da iska?"

Na koma na zauna. Munira ta tsaga gashin gida huɗu, ta ɗebo man a bakin mataji, fari kamar kindirmo. A madubi na ga hannunta yana matsowa. Duk jawaban da na shirya ba wanda ya zo.

"Yaya, ki yi haƙuri. Ba za a sa ba."

Hannun ya tsaya. "Mi kika ce?"

"Ba za a sa ba."

"Tsoro kike? Ba ni bari shi daɗe, ina tsaye kanki."

"Na sani."

"Ko kina ganin ban iya ba?"

"Kin iya, Yaya. Ni ce ba na so."

"Dalili?"

Na nemi dalilin da zai cika shagon, wanda matan benci za su iya ɗauka su kai gida. Da na ce likita ya hana, da an wuce wurin. Da na ce malam ya ce babu kyau, har yabo zan samu. Amma abin da na samu a bakina ƙarami ne.

"Haka nake son shi."

Gwaggo ta sa haɓar zani a baki. Mai hoto ta maida kyamararta jaka a hankali, kamar kada ta yi ƙara.

Munira ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta kankare man ta maida gwangwani, ta rufe. Ta zare safar hannun yatsa bayan yatsa. Ta juye sauran kifin a kula ta miƙa wa Gwaggo.

"Ku tahi da shi, don ita anka dahwa." Sannan ta dube ni ta madubi, idonta ya kawo ruwa. "Gaban mutane, Zakiyya. Da kin hwaɗa min tun a gida." Ta juya. "Za ni gaya ma Hajiya yadda munka yi."

Hajiya ita ce mahaifiyarsu. A wannan gaɓar Munira ta fi ni gaskiya, kuma na sani. Na tattara gashina da hannu, ko kalaba ban tsaya kamawa ba, na danne shi da ɗankwali.

Muka kama hanyar gida a mota ni da Gwaggo. Kular kifi na kan cinyarta, tana riƙe da ita kamar jinjiri.

"Ke dai kin iya jawo ma mutum magana," ta ce. Can kuma, tana kallon taga: "Amma hwa ya cika madubin nan."

Muna gab da shiga Birnin Kebbi wayata ta yi ƙara sau biyu a jere. Saƙo biyu, duka daga Izzuddeen. Na buɗe na sama.

"Zakiyya don Allah ki bari ta sa. Gashi ne fa kawai, zai sake fitowa. Ba na son rigima da Yaya."

Na buɗe ɗayan.

"Kada ki yarda a yi miki abin da ba kya so. Kanki ne. Ni zan ji da Yaya da Hajiya."

Na duba lokaci. Iri ɗaya ne, lokacin da suka faɗo wayata, ba lokacin da ya rubuta ba. Sabis na wancan zamani kuwa yakan tara saƙonni ya zubo su yadda ya ga dama, na baya ya riga na gaba. Na karanta su daga sama zuwa ƙasa, na samu mutumin da ya fara da tsoro, ya zauna ya yi tunani, ya tsaya a bayana. Na karanta daga ƙasa zuwa sama, na samu mutumin da ya yi jarumta har zuwa lokacin da ya tuna da yayarsa. Kalmomin ba su canza ba. Mazan ne biyu, kuma ɗaya daga cikinsu zan aura.

Na kai yatsa zan kira shi, na fasa. Idan na tambaye shi wanne ne na ƙarshe, ai na ba shi zaɓi, kuma Izzuddeen bai taɓa zaɓar amsar da za ta ɓata wa wanda ke gabansa rai ba. Gara ya zo da ƙafarsa, bayan ya ji daga Argungu, in ji da wace magana zai fara.

Mun iso gida ana kiran la'asar. Inna na tsakar gida tana tankaɗe. Ta dubi ɗankwalina, ta ga tudun ya fi na safe girma, ta dubi Gwaggo, Gwaggo ta dubi kula. Ba wanda ya buƙaci bayani. Inna ta ajiye rariya, ta tashi, ta sa bakin zaninta ta goge mini basilin da ya rage a goshi.

"Shi yaron ya sani?"

"Ya sani."

"To mi ya ce?"

A waje na ji ƙarar babur ta rage, ta tsaya daidai ƙofar gidanmu, aka kashe inji.

"Inna," na ce, "ya ce duka biyu."